Wankin Ƙoda: Yadda Za A Ciyar Da Majinyaci Kada Ya Ƙare A Tsaye

A ɗakunan wankin ƙoda, irin na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Maiduguri, akwai wata cuta ta biyu da ke bin majinyata a hankali, wato ƙarancin abinci mai gina jiki. Damtse ya tsotse, kumatu su faɗa, hawa matakala ya gagara, amma ma'auni bai nuna an rame ba, domin ruwan da ya taru a ƙafa da ciki ya rufe ramar. Binciken da aka tattara daga ƙasashe da dama ya nuna tsakanin kashi 28 zuwa 54 cikin 100 na masu wankin ƙoda suna fama da wannan zaizayewar tsoka. Ita ce ke buɗe ƙofa ga kamuwa da cututtuka, da jinkirin warkewar rauni, da yawan kwanciya a asibiti.

Babban tushen matsalar a gidaje shi ne tsohuwar doka da aka ƙi sauyawa. Kafin a fara wanki, likita kan ce a rage nama da sauran abinci mai furotin, wato sinadarin gina jiki, don a sauƙaƙa wa ƙoda aiki. Da zarar an hau inji, lissafi ya juya. Kowane zaman wanki na awa huɗu yana janye giram 6 zuwa 12 na tubalan furotin daga jini tare da dattin. Sai dai iyali, saboda tsoro da ƙauna, sukan ci gaba da hana nama, ƙwai, kifi da wake, su bar mutum da koko da farar shinkafa.

Rashin kuɗi ya ƙara dagula lamarin. Ƙa'ida ita ce wanki sau uku a mako, amma da yawa sau ɗaya suke iya biya, wasu ma sai numfashi ya sarƙe. Dattin da ya taru a jini yana kawo tashin zuciya da ɗacin baki, ya kashe sha'awar abinci. Ga shi kuɗin cefane ya tafi kan inji, ƙarin jini da kuɗin mota.

Jagororin ƙwararru na 2020 sun ba mai wanki giram 1 zuwa 1.2 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa kullum. Mai kilo 60 yana buƙatar giram 60 zuwa 72 ke nan. Ƙwai biyu sun kai giram 12, yankan kifi ko kaza mai faɗin tafin hannu kusan 20, kofin dafaffen wake kusan 13, tuwo da burodi su cika sauran. Farin ƙwai ya fi dacewa, don yana da furotin mai kyau kuma fosfaras ɗinsa, wato sinadarin da ke taruwa a jini idan ƙoda ta gaza, kaɗan ne. Awara da alale ma suna da amfani ga mai ƙaramin ƙarfi, domin jiki ba ya tsotse fosfaras na tsirrai kamar yadda yake tsotse wanda ake zubawa a baƙin lemon kwalba da abincin gwangwani. Dole kuma a ci abin da ke ba da kuzari, kamar tuwo, shinkafa da ɗan mai a miya, in ba haka ba jiki zai ƙona tsokarsa. Wanda tashin zuciya ya dama ya riƙa ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini.

Abin da ya cancanci tsoro na gaske shi ne fotasiyam, wanda in ya yi yawa a jini yana iya tsayar da zuciya ba gargaɗi. Yana da yawa a ayaba, dabino, lemo, tumatir, dankali, doya, alayyafo, zogale da kuka. Ana rage shi a dankali, doya da ganye idan aka yanka ƙanana, aka tafasa cikin ruwa mai yawa, aka zubar da ruwan. Ruwan toka da ake sa wa miya cike yake da fotasiyam, haka ma gishirin da ake sayarwa masu hawan jini a madadin na girki; duka biyun a bar su.

Gishiri kuwa kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya a yini, har da wanda ke ɓoye a dunƙule, kanwa, kilishi da yajin tsire. Shi ke tayar da ƙishirwa. Ruwan sha galibi ana ƙayyade shi a kan rabin lita, wato ledar ruwa ɗaya, a ƙara da gwargwadon fitsarin da aka yi jiya. Kunu, fura, shayi da romo duk suna cikin lissafin. Tsotson ƙanƙara da kurkure baki suna rage ƙishi lokacin zafi.

Wanda ke wanki sau ɗaya a mako ko ƙasa da haka ya fi kowa buƙatar taka-tsantsan da ruwa da fotasiyam, kuma likitansa ne zai yanke masa yawan furotin bisa gwajin jini. Mai ciwon sukari ma tsarinsa daban ne. Maganin kama fosfaras ana shan sa tare da abinci, ba bayan an tashi ba. Jiƙe-jiƙen gargajiya da magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen suna iya ƙarasa ɗan aikin da ya rage wa ƙoda. Maganar azumi kuma a kai ta gaban likita tun kafin watan ya kama.

A ziyara ta gaba, mai girkin gidan ta raka majinyaci asibiti da jerin abin da ya ci cikin kwana uku. Su nemi ganin masanin abinci, su tambayi sakamakon albumin (furotin na jini), fotasiyam da fosfaras, sannan a auna kaurin damtse tare da rubuta nauyinsa bayan kowane wanki.