Darasi: Yadda yawan jama'a ke sauyawa idan ƙasa ta ci gaba

Wannan darasi naki ne, uwa, da ku wakilan unguwa masu zagaya gidaje. Manufarsa ku fahimci dalilin da ya sa jama'a ke ƙaruwa da sauri a ƙasarmu, da yadda hakan ya shafi tukunyar gida da lafiyar yara.

Matakai huɗu

Masana ƙidaya sun lura kusan kowace ƙasa hanya ɗaya take bi. A mataki na farko haihuwa tana da yawa, mutuwar yara ma haka. Ƙyanda da zawo da masassara da yunwa suna ɗauke yara, sai yawan jama'a ya kusan tsayawa wuri ɗaya. Zamanin kakanninmu ke nan, lokacin da mace kan haifi goma ta raya huɗu ko biyar.

A mataki na biyu rigakafi da ruwa mai tsabta da magani sukan iso, mutuwa ta ragu, haihuwa kuwa tana nan yadda take. A nan ne jama'a ke bunƙasa da sauri. A na uku iyaye kan sakankance cewa ƴaƴansu za su rayu, ƴan mata su daɗe a makaranta, mutane su koma birane inda abinci da haya duk na kuɗi ne, sai haihuwa ta fara raguwa. A na huɗu haihuwa da mutuwa duk sun yi ƙasa, tsofaffi sun yawaita, kamar yadda ake gani yau a Japan da Italiya.

Ku lura da jerin: rayuwar yara ce ke fara gyaruwa, raguwar haihuwa ta biyo baya.

Ina Nijar take?

Binciken lafiya na 1992 ya nuna cikin yara 1,000 da aka haifa, 318 ba sa kaiwa shekara biyar. A 2012 adadin ya sauko zuwa 127. Rigakafi, da gidan sauro, da duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta tun 2006, da aikin wakilai irinku, duk suna da hannu a wannan nasara.

Amma a 2012 ɗin, a matsakaicin lissafi, mace tana haihuwar yara 7.6 a rayuwarta. Shi ya sa ƙidayar 1977 ta samu mutum miliyan 5, ta 2001 miliyan 11, ta 2012 kuma miliyan 17. Kusan rabin ƴan ƙasa ba su kai shekara 15 ba. Binciken 2021 ya nuna adadin haihuwa ya sauko zuwa 6.2, alamar muna barin mataki na biyu a hankali.

Bangaladash, ƙasar Musulmi manoma, ta bi wannan hanya. A farkon shekarun 1970 mace kan haifi yara kusan bakwai a can, yau kimanin biyu. Mata ma'aikata masu shiga gida-gida da shawara da magani, tare da karatun ƴan mata, sun taimaka ƙwarai.

Abin da ya shafi gidanki

Gona ba ta ƙaruwa, magada ne ke ƙaruwa. A kudancin Maraɗi da Damagaram, filin da ya ciyar da gida ɗaya yanzu gidaje da yawa ke rabonsa. Rumbu kan ƙare tun kafin kaka, kuma a tsakiyar damina ne tamowa da masassara suka fi kama ƙananan yara.

Haihuwa kusa da kusa tana ƙara wannan nauyi. Idan ciki ya shiga alhali na goye bai yi ƙwari ba, akan yaye shi ba shiri, ya rame. Uwa ba ta mayar da jininta ba, na cikin ma yakan zo ƙarami. Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jira wata 24 bayan haihuwa kafin wani ciki. Wannan ya dace da shayarwar shekara biyu da addini da al'ada suka sani.

Yawan ƴaƴa shawara ce tsakanin mace da maigidanta. Aikin wakili shi ne ya ba da bayani na gaskiya cikin ladabi, ya kuma jawo mazaje cikin zancen, kamar yadda Makarantar Mazaje da ta fara a jihar Damagaram take yi.

Saƙonnin da za a isar

1. Nono zalla wata shida, ko ruwa ba a haɗawa. Daga nan kunu mai kauri da ƙuli-ƙuli ko wake ko zogale, ana ci gaba da shayarwa har shekara biyu.
2. A kammala rigakafi, a kwana cikin gidan sauro.
3. A riƙa auna damtsen yaro daga wata shida. Idan awon ya nuna ja ko rawaya, ko ƙafafu suka kumbura, a kai shi likita ba jinkiri.
4. A je awon ciki, a tambayi unguwarzoma hanyoyin tazarar haihuwa.
5. A bar yarinya ta yi karatu, jikinta ya ƙosa kafin aure.

Tambayoyin zaman tattaunawa

Yara nawa kakarki ta haifa, nawa suka rayu? Ke fa? Me ke hana mata a unguwarku samun hutu tsakanin haihuwa, kuma wa ya kamata a fara yi wa magana?