Aikin Lambu da Kwanciyar Hankali: Nazari Daga Ƙasar Zamfara

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa amfanin lambu bai tsaya ga tukunyar miya ba, ya kai ga lafiyar hankali. Za a duba abin da masana suka gano, sannan a auna shi da rayuwar mutanen Ruwan Bore da maƙwabtansu na Gusau, Tsafe da Bunguɗu.

Binciken Masana

A 1984, Roger Ulrich ya nazarci majinyata 46 da aka yi wa fiɗar matsarmama a wani asibiti na jihar Fensilbeniya, Amurka. Waɗanda tagarsu ke duban itatuwa sun riga masu duban bango barin asibiti, kuma ba su buƙaci maganin zafi mai ƙarfi kamar su ba. A 1989, Rachel da Stephen Kaplan na Jami'ar Mishigan suka bayyana dalili: hankali yakan gaji da tattara tunani wuri guda, amma kallon tsirrai da ruwa yakan ja shi a hankali har ya huta. A 2019 kuma, wani bincike a Ingila kan mutum kusan 20,000 ya nuna cewa masu yin minti 120 a mako cikin itatuwa da filaye sun fi bayyana gamsuwa da lafiyarsu.

Lambu a Ƙasarmu

Mai noman rani a fadamun Kogin Sakkwato, wanda ya ratsa ta Gusau da Bunguɗu, yana samun abu uku. Na farko, motsa jiki wajen ban ruwa da cirar ciyawa, abin da ke kawo barci mai nauyi. Na biyu, tarbiyyar haƙuri, domin albasa ba ta ƙosawa don gaggawar mai ita. Na uku, cuɗanya da maƙwabtan lambu, wadda ke hana mutum kaɗaita da damuwarsa.

Sai dai hare-haren 'yan bindiga, irin wanda aka kai Ruwan Bore a 2019, sun raba manoma da dama da fadamunsu. Wanda ya gudo birni ya rasa abinci, ya kuma rasa abin da ke ɗebe masa kewa a daidai lokacin da ya fi buƙatarsa.

Kammalawa

Lambu ba zai maye gurbin likita ba. Mai taɓin hankali a kai shi asibiti irin na Kware. Amma ya kamata masu tallafa wa 'yan gudun hijira su haɗa da ɗan fili, iri da ruwa, ko da zogale da rama ne a bayan ɗaki. Masu iya magana sun ce lafiya uwar jiki, hankali kuwa shi ne jagoranta.