Wane Buri Zan Rubuta Wa Ɗakin Majinyata?

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce, ba a daɗe da ba ni ragamar ɗakin matan da aka yi wa tiyata a wani asibitin gwamnati ba. Hukumar asibiti ta ce kowane sashe ya rubuto burinsa na bana kan kare majinyata daga cutuwa. Na rubuta "rage mace-mace da inganta kula da marasa lafiya", aka dawo mini da takardar wai ba ta yi ba. Don Allah me ake so in rubuta? Ga ƙarancin ma'aikata, ga aiki ya yi mana yawa.

Amsa: Allah ya taya ki riƙo. Wanda ya dawo miki da takardar bai zalunce ki ba. Abin da kika rubuta fatan alheri ne, kowa zai ce amin, amma ba mai iya tashi da safe ya aikata shi. Ki auna shi haka: nas ɗin da za ta karɓi aikin dare gobe, me za ta yi da hannunta wanda ba ta yi jiya ba? Kuma yawan mace-mace a ɗaki guda ya fi danganta da halin da aka kawo majinyaciya, sau da yawa bayan an gama yawon kemis da masu magani. Ki zaɓi abin da yake hannunku, wanda za a iya ƙirgawa, ki sa masa wa'adi da sunan mai bibiyarsa. Kada ya wuce biyu ko uku.

Da ni ce, da tantance majinyaciya zan fara. Duba ɗakinki da kyau: ba wuya ki tarar da A'isha uku da Fatima biyu a jere, wasu ma har sunan uba ɗaya. Lambar gado ba shaida ba ce, domin ana sauya wa mutum gado da tsakar dare. Sannan in kika ce, "Ke ce Hauwa?", mace mai fama da zafin ciwo, ko wadda allurar barci ba ta gama sakinta ba, za ta ce "na'am" don kawai ta ga mai farin kaya a kanta. Sai a bar ta ta faɗi sunanta da bakinta, a haɗa da lambar katinta, tunda ba kowa ya san ranar haihuwarsa ba. Akwai kuma kunya: wata ba za ta furta sunan mijinta ba ko za a yi yaya, alhali shi aka rubuta a katin. Nan mai jinyarta za ta yi amfani. To ga buri: daga nan zuwa wata uku, ba za a yi allura, ko ƙarin ruwa, ko ƙarin jini ba sai an tabbatar da suna da lambar kati. Duk mako ki tsaya ki kalli rabon magani sau ashirin, ki rubuta sau nawa aka yi hakan.

Na biyu, tunda ɗakinki na tiyata ne, ki nemi takardar bin diddigin tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008. Abubuwa 19 ne, ana karanta su a matakai uku: kafin a sa majinyaci barci, kafin a tsaga fata, da kafin a fito da shi. Tambayoyin ba su da wuya. Wannan ne mutumin? Wane ɓangare za a yi wa aiki? An ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta a kan lokaci? Auduga da allurai da almakashi sun cika? Likitan tiyata Atul Gawande ne ya jagoranci gwajinta a asibitoci takwas, har da na Ifakara a karkarar Tanzaniya. Sakamakon da aka buga a 2009 ya nuna mace-mace sun sauko daga kashi 1.5 cikin 100 zuwa 0.8, matsalolin bayan tiyata kuma daga kashi 11 zuwa 7.

Amma kada takarda ta ruɗe ki. Da aka wajabta irinta a asibitocin lardin Ontariyo na Kanada, binciken da ya fito a 2014 bai ga wani sauyi na a zo a gani ba. A ganina, ba abin mamaki ba ne: ana iya cike takarda tsaf bayan an gama ɗinki, a sa hannu, a jefa a fayil. Amfaninta yana cikin tsayawa ta minti ɗaya, kowa ya yi shiru, a karanta da murya.

Nan ne wahalar take, domin mu mutane ne masu girmama na gaba. Ƙaramar nas ta ga babban likita ya taɓa rauni bai wanke hannu ba, sai ta sunkuyar da kai. A jihar Mishigan ta Amurka, Dakta Peter Pronovost ya kawo matakai biyar kacal na sa bututu a babbar jijiya, na farkonsu wanke hannu, kuma cututtukan jini suka ragu sosai a ɗakunan kulawa ta musamman sama da 100. Abin da ya ba matakan ƙarfi shi ne an bai wa nas izinin dakatar da likita in ya tsallake ɗaya, shugabanni kuma suka tsaya mata. Don haka kafin ki miƙa takardarki, ki zauna da babban likitan sashenku, ya faɗa da bakinsa a gaban kowa cewa wanda ya ga kuskure ya yi magana. Ku ma yarda da kalmar da za a faɗa cikin ladabi, ko da "Ranka ya daɗe, a dakata mu duba" ce.

Abu guda zan ja kunnenki a kai. Kada ki rubuta "babu kuskure ko ɗaya a bana". Ranar da kika rubuta haka, kuskure zai daina zuwa kunnenki, ba don an daina yin sa ba. Ki ajiye littafi da za a riƙa rubuta har kuskuren da aka tare kafin ya kai ga majinyaciya, ba tare da an kai kowa gaban kwamiti ba. In rahotanni suka ƙaru a watannin farko, kada hankalinki ya tashi. Ma'aikatanki ne suka fara yarda da ke. Sakaci da gangan daban ne, shi yana da hukuncinsa.

Game da ƙarancin ma'aikata, ki rubuta shi ƙarara a takardar, da adadin gadaje da na nas a kowane aikin dare, domin wannan nauyin hukuma ne. Ki fara ƙirgar nan ta ashirin tun wannan makon, kafin ki sanar da kowa sabon tsari, don ki san daga inda kuka taso.