Yadda Ake Karanta Hatimin Tangaran

Mu da muka yi karatun allo mun saba da cewa in an ga rubutu sai a gaskata shi. To, a sha'anin tangaran ba haka abin yake ba. In aka kife tsohon faranti, sau da yawa akan tarar da ɗan rubutu ko zane a bayansa. Wannan shi ne hatimi. Shaida ne, amma irin shaidan da alƙali kan yi wa tambayoyi tukuna kafin ya karɓi maganarsa.

Da fari sai mu san hatiman ba duka na mutum ɗaya ba ne. Akwai na magina, akwai na masu zane, akwai kuma na mai kanti. Na magina galibi tun kafin a shafa wa farantin ruwan ƙyalli a gasa ake sa shi, ko a danna shi cikin yumɓu tun yana ɗanye. Saboda haka in muka shafa da yatsa sai mu ji sumul, ko kuwa ɗan rami. Na mai kanti sau da yawa bisa ƙyallin ake buga shi, yana kuwa iya goguwa. Ma'aikatar Haviland ta Limoj, a ƙasar Faransa, takan sa kore ƙarƙashin ƙyalli domin farin faranti, sa'an nan ja a bisa domin zanen. Wanda ya ga sunan Thomas Goode na London ko Tiffany na New York kada ya ce su suka gina: 'yan kanti ne, sukan sa irin su Minton su yi musu, a buga sunansu.

Mutanen Sin, waɗanda su ne tushen wannan sana'a, sukan rubuta haruffa shida ko huɗu masu faɗin sunan zamanin sarki. Sai mutum ya ce ai magana ta ƙare. Ina! Maginan zamanin Sarki Kangxi, wanda ya yi mulki daga 1662 zuwa 1722, sun sha rubuta sunan Chenghua, wanda ya yi sarauta daga 1465 zuwa 1487, don girmama aikin magabata. Na baya kuma suka yi ta rubuta sunan Kangxi, waɗansu don girmamawa, waɗansu kuwa don cuta. Haka ma a Turai: takuba biyu gicciye alama ce ta Meissen a Jamus, wadda aka kafa a 1710, amma har maginan Ingila sun kwaikwayi takubban nan don kayansu su yi kasuwa.

Inda muka fi samun ƙasa mai tauri ta takawa shi ne wajen dokokin gwamnati, gama doka tana da ranar da aka kafa ta. Daga 1842 zuwa 1883, duk zanen da aka yi wa rajista a Ingila akan buga masa wata alama mai kusurwa huɗu, tsaye bisa kusurwa guda, da lamba IV a samanta in kayan yumɓu ne. A kusurwoyin akwai haruffa da lambobi masu nuna rana da wata da shekara. Harafin shekara yana sama har 1867, daga 1868 ya koma dama. A 1884 aka bar ta, aka koma ga rubuta lamba kurum. Sa'an nan a 1890 Amurka ta kafa doka, wadda ta fara aiki a 1891, cewa duk kayan da za a shigo da su sai an rubuta musu sunan ƙasar da aka yi su. Daga nan kalmar England ta yawaita a bayan faranti. Mutanen Japan kuwa suka riƙa rubuta Nippon har 1921, lokacin da Amurka ta ce sai dai a rubuta Japan.

To, ga inda ɗalibi yakan yi tuntuɓe. Mu ɗauka an kawo mana faranti mai alamar rajista ta 1878, a gefenta kuma an rubuta England. Wace za mu bi? Alamar rajista ba ta ce a 1878 aka gasa farantin ba, cewa ta yi a shekarar nan aka tsare zanen don kada wani ya sata. Zane kuwa in ya karɓu akan yi shekaru ana maimaita shi. Kalmar England ita ce ta baya, ita za mu bi: da wuya ƙwarai farantin ya riga 1891. Kowane hatimi iyakarsa ya gaya mana lokacin da abin bai riga ba. Amma kada a juya maganar: rashin kalmar bai tabbatar da tsufa ba, don kayan da aka yi domin sayarwa cikin gida ba dole ne a rubuta musu ita ba.

Bayan an gama da rubutu, sai a ɗaga farantin wajen haske a sa yatsu a bayansa. In tangaran ne na ainihi ana ganin inuwarsu. In ba a gani ba, mai yiwuwa farin yumɓu ne kawai. A kuma duba da'irar da yake zama a kanta, ko cin da ta yi ya dace da shekarun da hatimin yake da'awa.