Titi Ne Ke Koya wa Direba Gudu

Tambayar da aka fi aiko mini game da hanyoyin birni ita ce: an faɗaɗa titin unguwarmu, an shimfiɗa sabuwar kwalta, to me ya sa mota ta fi kaɗe mutane yanzu fiye da lokacin da yake cike da ramuka? Masu tambayar kan haɗo da amsar da suke zato. Direbobi ba su da haƙuri, 'yan adaidaita ba su san doka ba, masu tafiya a ƙasa ba sa duba hanya. Duk akwai gaskiya a ciki. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shi kansa titin yana da nasa laifin, kuma nasa ne ya fi sauƙin gyarawa, domin gyaran hali sai an ɗauki shekaru, gyaran mahaɗa ɗaya kuwa aikin 'yan makonni ne.

Direba ba allon gefen hanya yake bi ba, abin da idonsa ya gani a gabansa yake bi. In ya ga layi mai faɗi, miƙaƙƙe, ba kwana ba bishiya ba wani abin da zai sa ya yi hattara, ƙafarsa za ta nutse a kan totur ko da an rubuta 40 a allo. Ramukan da ake kuka da su a da, su ne suke riƙe masa ƙafa. Da aka cike su ba a sa komai a madadinsu ba.

Ga lissafin da nake so kowane mai unguwa ya riƙe. Mota mai gudun kilomita 30 a awa tana cin kusan mita 8 a daƙiƙa ɗaya, kuma kusan daƙiƙa ɗayan nan direba mai natsuwa yake buƙata daga ganin yaro zuwa taka birki. A ƙara mita 5 ko 6 na jan birkin, motar ta tsaya a cikin mita 14. Mai gudun 50 kuwa, a wannan daƙiƙar kaɗai ya ci mita 14. Ke nan a daidai inda na farko ya tsaya cak, shi yanzu ƙafarsa take isa kan birki, ya bugi yaron da dukkan gudunsa. Ƙarfin bugu kuma ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: in gudu ya ninka biyu, bugu ya ninka huɗu. Shi ya sa wanda aka kaɗe a gudun 30 galibi yakan tashi, kusan tara cikin goma, wanda aka kaɗe a gudun 60 kuwa sau da yawa sai dai a ɗauke shi. A kan wannan ne taron ministocin duniya da aka yi a birnin Stockholm a 2020 ya nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 duk inda motoci ke cuɗanya da mutane. Sifen ta mayar da shi doka a ƙananan titunan biranenta a 2021, birnin Paris ma ya bi a shekarar.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Babu abin da ke kashe 'yan shekara 5 zuwa 29 kamar haɗarin hanya. Afirka ce ta fi kowane yanki ƙarancin motoci, kuma ita ce ta fi yawan mace-macen in aka auna da yawan jama'arta.

Na san za a ce kwana ne ya ƙare. Ba na jayayya da ƙaddara. Sai dai mu ɗin nan ne muke rufe bakin rijiya saboda yara, ba mu taɓa ɗaukar hakan a matsayin raunin imani ba. Ƙasar Holan ta yi asarar mutum fiye da 3,000 a kan hanya a 1971, fiye da 400 daga cikinsu yara. Iyaye suka fito zanga-zanga, aka shiga sake fasalin tituna ɗaya bayan ɗaya, yau ga motoci sun ƙaru amma mamatan ba sa kai 800 a shekara. Majalisar Suwidin ta amince a 1997 cewa tunda ɗan Adam ba ya rabuwa da kuskure, wajibin mai zana titi ne ya zana shi yadda kuskure ba zai zama ajali ba. A 2019 birnin Oslo na Norway ya yi shekara cur ba a kashe mai tafiya a ƙasa ko mai keke ko ɗaya ba.

Tushen matsalarmu a bayyane yake ga duk wanda ya san Kano. Titin Zariya da na Katsina da na Haɗeja an yi su ne don haɗa gari da gari. Sai birni ya girma ya haɗiye su. Unguwa Uku da Na'ibawa, Kurna da Rijiyar Lemo, 'Yankaba, duk suka cika da gidaje da makarantu da masallatai a hannu biyu na titi, shi kuwa titin yana nan da siffarsa ta hanyar tirela. Yaro gidansu yana wannan hannu, Islamiyyarsu tana wancan. Dole ya tsallaka, sau biyu ko huɗu a yini.

Maganin da aka saba kawowa shi ne gadar masu tafiya a ƙasa, a nan ne kuma na fi saɓa wa abokan aikina. Kafin tirela ta wuce ƙarƙashin gada sai an ɗaga ta fiye da mita 5, wato matakala talatin da wani abu a hawa, haka nan a sauka. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ba za ta hau ba. Mai juna biyu da goyo a baya ba za ta hau ba. Mai keken guragu ba shi da hanya, ɗan ga-ruwa da kurarsa ma haka, kuma da dare mace ba ta yarda ta hau inda ba kowa. Tsallakawar mita 20 ta koma tafiyar mita ɗari ko fiye a cikin rana. Waɗanda suka fi buƙatar kariya su ne suka rage a ƙasa, direba kuwa ya ga gada ya ɗauka an kwashe masa mutane daga hanya, sai ya ƙara wuta. Daga nan a ja shingen ƙarfe a tsakiya, kwana kaɗan a wayi gari an ɓalle wani wuri a jikinsa. Wannan ɓarakar ba rashin tarbiyya take nunawa ba kawai, tana nuna wa injiniya daidai inda jama'a ke buƙatar tsallakawa, kyauta ba tare da ya yi awo ba. Gada tana da wurinta, a kan layin dogo ko babbar hanyar da ba ta ratsa unguwa. A tsakiyar gari, kuɗin gada ɗaya zai gyara matsallakai da yawa a ƙasa.

Matsallaka mai kyau ba fenti ba ce kawai. Farin zane a kan titi mai layi uku da ake gudun 70 yaudara ce, don yana ba mai tafiya tabbacin da babu shi. Abin da ke aiki shi ne a ɗaga matsallakar ta yi tudu mai faɗi, daidai da tsayin gefen titi, yadda mota dole ta sassauta kafin ta hau, mai keken guragu kuma ya wuce ba tare da an ɗaga shi ba. A tsakiyar titi mai hannu biyu a bar wurin tsayawa da bai gaza mita 2 ba, don uwa da 'ya'yanta su tsallake hannu ɗaya, su huta, su duba, sannan su ƙarasa. A sa fitila a kanta, domin da magariba da asuba ne direba ya fi kasa ganin mutum. Kada kuma a nisanta su. Inda jama'a suke da yawa, kowace mita 100 ko kusa da haka a samu ɗaya. In tazarar ta wuce mita 200 mutane za su yanke ta inda suke. Faɗin layin mota a cikin gari mita 3 ya isa, ko da ɗan ƙari inda bas ke bi. Abin da aka rage a ba gefen titi. Kwanar mahaɗa ma a matse ta, don kwana mai faɗi ita ke ba direba damar shanta ba tare da ya taɓa birki ba.

Gefen titin da masu tafiya za su bi yana buƙatar mita 2 da babu komai a kai. A wurinmu galibi buɗaɗɗen lambatu ne a wurin, ko turken lantarki, ko janareton mai shago, ko motar da aka ajiye. Rufe lambatu da ƙaƙƙarfan marfin kankare shi ne mafi arhar hanyar samar da wurin tafiya. 'Yan tebur da masu shayi kuma korarsu ba ta ɗorewa, ana kora suna dawowa, don inda ƙafa take nan ciniki yake. Gara a shata musu layinsu a bayan hanyar tafiyar. Zamansu ma yana da amfani, don titin da ke da mai shayi da dare ya fi wanda ba kowa aminci. Sai inuwa. Wanda bai taɓa takawa daga Bata zuwa Kantin Kwari a watan Afrilu ba, shi ne zai ɗauki dashen darbejiya a matsayin ado. Bishiya tana sa a iya tafiyar, tana kuma sa titi ya yi wa direba ƙunci a ido, ya rage gudu da kansa.

Keke ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, tsoron titi ne ya kore shi, tsadar mai kuma tana dawo da shi. A manyan tituna yana son layinsa na kusan mita 2, da dakalin kankare tsakaninsa da motoci. In fenti ne kawai, kafin mako ya zama tashar adaidaita.

Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a 2013, adaidaita ce ta zama abin hawan talaka, amma ba a yi mata wurin tsayawa ba. Tana tsayawa a bakin mahaɗa, a kan shataletale, a ƙarƙashin gadar sama, fasinja ya sauko a tsakiyar motoci. A ware mata matsaya kaɗan bayan an wuce mahaɗa, da rumfa, da matsallaka a bayan matsayar, don wanda ya sauka kada ya ɓullo ta gaban abin hawa inda ba a ganinsa. A manyan hanyoyi kuwa bas ce mafita. Bas mai cin mutum 60 tana ɗauke aikin adaidaita 20. Birnin Curitiba na Brazil ya fara ware wa bas layinta a 1974, Bogota ta bi a 2000, Legas ta buɗe nata daga Mile 12 zuwa CMS a 2008, Darussalam ta Tanzaniya a 2016. Duk inda aka yi, layin ne sirrin. Sabuwar bas da aka saka cikin cunkoso ba ta fi tsohuwa sauri ba.

In kuɗi ba su da yawa, a fara da ƙofar makaranta. A Darussalam wata ƙungiya mai suna Amend ta riƙa sa wa makarantun firamare tudun rage gudu da matsallaka da wurin tafiya, binciken da aka yi ya nuna raunukan yara sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Akwai gargaɗi ga matasan unguwa da kan fito su gina tudu da kansu washegarin da aka kaɗe wani. Niyyar mai kyau ce, amma tudu mai tsini, marar fenti, a cikin duhu, shi ke kayar da mai babur ya fasa masa kai. Tudu na ƙwarai bai fi tsayin santimita 10 ba, faɗinsa ya kai mita 3 ko fiye, da fenti da alama kafin a iso shi.

Abin da ya fi shi ne ku tattara hujja. Ku rubuta inda aka yi kowane haɗari a titinku, da rana da lokaci. Ku tsaya da safe lokacin tafiya makaranta ku ƙirga masu tsallakawa a cikin awa ɗaya. Ku bincika ko titin na tarayya ne, na jiha, ko na ƙaramar hukuma, don jami'an kiyaye haɗurra da na hukumar KAROTA ta Kano aikinsu tsare doka ne, zanen titi yana hannun ma'aikatar ayyuka. Ku kai takardar tare da mai unguwa da shugaban makaranta da limami, ku nemi abu takamaimai a wuri takamaimai. In kuma kun ji za a yi sabon titi a unguwarku, ku nemi a nuna muku zanen tun kafin a zuba kwalta, ku tambayi injiniyan ta ina 'ya'yanku za su tsallaka.