Darasin Kasuwanci: Duba Injin Jirgin Ruwa Kafin A Tayar Da Bayan An Tayar

Tun kafuwar unguwar Sabo ta Ibadan a 1916, fatakenta sun saba da ajiye dukiya inda idonsu ba ya kaiwa: goro ya haura Arewa, shanu su gangaro Kudu. Ɗan kasuwar da ya sa jari a jirgin ruwa mai inji a Yawuri, ko wani gefe na tafkin Kainji da ya samu bayan gina madatsar a 1968, shi ma haka yake. Ya kamata ya san abin da zai tambayi matuƙinsa, domin injin shi ne mafi tsada a jikin jirgin.

Kafin a tayar, mai ne abin dubawa na farko. Yawancin ƙananan injunan da ake rataya wa jirgi ta baya, irin su Yamaha Enduro, ana haɗa musu fetur da baƙin mai a tanki ɗaya, galibi lita 1 ta baƙin mai ga lita 50 ta fetur. Bayan janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mai ya yi wa masu jirage nauyi, to amma rage baƙin mai don a yi tsimi ganganci ne, domin fistin zai ƙone, kuma gyaransa ya fi kuɗin man nesa ba kusa ba. Daga nan sai a duba tiyon mai ko yana yoyo, a goge filogi, a tabbatar ciyawa ko zaren taru bai naɗe farfela ba, sannan giya tana firi.

Da zarar inji ya tashi, sai matuƙi ya waiwaya. Akwai ɗan siririn ruwa da ke fesowa daga bayan injin, alamar cewa famfon sanyaya shi yana aiki. Idan bai fito ba, a kashe nan take. Ko yashi ya toshe hanyar, ko robar famfon ta cinye, kuma mintoci kaɗan sun isa zafi ya lalata injin. A bar shi ya ɗumama kafin a sa giya, ana sauraren ƙararsa.

Man giya kuwa, idan aka kwance shi aka ga ya yi fari kamar madara, to ruwa ya shiga. A kai wa makaniki kafin ranar kasuwa ta gaba, a kuma rubuta kuɗin a littafin jirgi.