Yadda ake gane ƙwaƙwalwar kwamfuta kafin a biya kuɗi

Wanda zai tashi daga Damari ya je Funtuwa ko Zariya, ko ya zarce har titin Beirut a Kano don sayen kwamfuta 'yar gwanjo, ya sani cewa dawo da kaya ba abu ne mai sauƙi ba. Kuɗin mota kaɗai ya isa ya sa mutum ya haƙura da abin da aka ɗora masa. Saboda haka a gama bincike tun a shago, kuma a fara da firosesa, ƙwaƙwalwar da ke gudanar da komai, don a mafi yawan laftof na yanzu liƙe take da allon ciki, ba ta canzuwa.

Da farko ka manta da sitikar da ke jikin kwamfutar. Sitika ana ɓamɓare ta a manna wata. Ka ce a kunna maka, ka danna Ctrl da Shift da Esc lokaci guda, Task Manager zai buɗe. Shiga Performance, ka taɓa CPU. A sama ta dama za ka ga cikakken suna, misali Intel Core i5-6300U. Wannan layin shi ne abin da ka zo saya.

Mai shago zai ce maka, “Alhaji, Core i7 ce fa!” Kada wannan ya ruɗe ka. Dillalin shanu a kara ba ya tsayawa kan ƙaho, haƙora yake dubawa ya san shekaru. Haƙoran firosesa su ne lambobin da ke bayan ɗan layin nan. Idan lambobi huɗu ne, ta farko ita ce zubin, abin da 'yan kasuwa ke kira “jen”. Wato i5-2520M zubi na 2 ne, na shekarar 2011. I5-3320M zubi na 3, na 2012. I5-4300U na 4, na 2013. I5-6300U na 6, wanda ya fito a 2015. I5-8250U kuma na 8, na 2017. In ka ga lambobi uku kacal, kamar i5-520M, zubin farko ne na 2010, ka ajiye ta ko nawa aka rage maka. Daga zubi na 10 lambobi biyun farko ake karantawa: i5-10210U da i5-1035G1 duk na 10 ne, i5-1135G7 na 11.

A zubi na 8 ne aka yi babban tsalle. Kafin shi, i5 da i7 na laftof masu harafin U cibiyoyin aiki biyu kawai gare su. Daga na 8 suka koma huɗu. Shi ya sa i5-8250U ta fi i7-7500U ƙarfi nesa ba kusa ba, duk da sunan i7 ya fi daɗin faɗa kuma sau da yawa an fi tsuga masa kuɗi. A wannan shafin na Task Manager, duba inda aka rubuta Cores, zai nuna maka 2 ko 4. Akwai kuma dalili na biyu na fifita zubi na 8. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa a hukumance daga zubi na 8 na Intel take farawa. Masu gyara suna da dabarar cusa ta a tsofaffin kwamfutoci, tana kuma tashi, amma ganin Windows 11 a fuskar kwamfuta ba shaida ba ce cewa zubinta sabo ne.

Sai harafin ƙarshe, wanda mutumin birni zai iya tsallakewa amma mai dogaro da sola ko janareta bai kamata ba. U na nufin mai tsimin wuta, wajen wat 15. M na tsofaffin laftof ne, wajen wat 35, ga zafi ga shan batir. H da HQ sun kai wat 45, na masu tace bidiyo da zane mai nauyi ne, kuma a zafin watan Afrilu fankarsu ba ta hutawa. Ga ɗalibi mai atisayen jarrabawar JAMB, ko malami mai buga sakamakon ɗalibai, ko ɗan kasuwa mai lissafin buhunan masara, U ta wadatar.

Mai son buɗe shagon buga takardu ya duba ƙananan kwamfutocin tebur irin su Dell OptiPlex Micro, HP EliteDesk Mini da Lenovo ThinkCentre Tiny. Galibinsu suna ɗauke da firosesa mai harafin T, kamar i5-8500T, mai wat 35, alhali takwararta ta babban akwati wat 65 ce. A kan inbata da batir ɗaya, wannan bambancin awoyi ne na aiki. In an haɗa maka ta tebur da firosesa mai harafin F, ka sani ba ta da sashen hoto a cikinta, dole sai an ƙara kati na daban.

Za a nuna maka wasu laftof sababbi fil a kwali, masu sheƙi, a farashin tsohuwar HP EliteBook. Duba sunan. Yawanci Celeron ne, irin N3060 ko N4020, ko AMD E1, E2 da A4. Ba sa shan wuta sosai, gaskiya ne, amma da ka buɗe shafuka biyar na intanet sai ka jira. A ganina tsohuwar i5 zubi na 6 ta fi su amfani. Tun 2023 Intel ta daina sa sunan Celeron da Pentium a sababbin na laftof, ta fito da N100 da N200. N100 cibiyoyi huɗu gare ta a kan wat 6, ba laifi ga aikin ofis. A ɓangaren AMD kuwa nemi sunan Ryzen, wanda ya fara fitowa a 2017. Ryzen 5 3500U tsarar i5 zubi na 8 ce.

Sunan samfuri yana ba da haske, amma kada a dogara da shi ɗungurungum. HP Folio 9470m zubi na 3 ce, EliteBook 840 G3 da Dell Latitude E7470 na 6 ne. EliteBook 840 G5, Latitude 7490 da ThinkPad T480 an san su da na 8, sai dai akwai waɗanda aka ƙera da na 7, jiki iri ɗaya. Task Manager ne zai raba gardama.

Kafin ka rufe shi, taɓa Memory da Disk. RAM kada ta gaza gigabait 8, rumbun ajiya kuma ya zama SSD. Idan kuɗinka bai kai zubi na 8 ba, na 6 mai SSD ya fi na 8 mai tsohon faifai mai juyi saurin tashi da buɗe fayil.

Daga nan cire cajar, kunna bidiyo ka bar shi minti goma sha biyar, kana kallon yadda batir ke sauka, tafin hannunka a gefen da iska ke fita. In zafin ya yi yawa, ka sa a buɗe a share ƙura a sabunta man da ke kan firosesar tun a nan, don ƙurar hunturu na jiran ta a gida. A rasit kuma a rubuta cikakkiyar lambar firosesa, da lambar jikin kwamfutar, da kwanakin garantin da kuka yi yarjejeniya a kai.